Mangwaron da Aka Hana Haihuwa

A duk faɗin garin Bocas de Arenal mutum ɗaya ne ransa ke ɓaci idan mangwaro ya yi fure, shi ne Eulogio Barraza, mai kula da bishiyoyin babban titi. Bana kuwa furen kamar da gayya ya zo. Iskar teku ta fara kaɗawa a watan Disamba, kafin sati biyu bishiyoyi arba'in da uku da ke jere a tsakiyar titin sun lulluɓe, har ganye ba ya ganuwa sosai.

Ya jingine kekensa a gindin allon da ke nuna hanyar tashar jiragen ruwa, ya kwance doguwar gorarsa mai ƙugiyar waya a kai, ya tsaya a bakin kwalta yana jiran tirelolin kwal su ba shi hanya. Da ya tsallaka sai ya ɗaga gorar, ya shiga kakkaɓe furen reshe bayan reshe. Shekara goma sha tara ke nan yana wannan aiki, kuma bai taɓa yin sa da daɗin rai ba.

Shi ya shuka su da hannunsa, tun yana da baƙin gashi. Lokacin titin siriri ne, jakuna sun fi motoci yawa a kansa. Hukumar gari ta ce a zaɓi bishiyar da za ta jure gishirin iska, shi kuwa ya ce ai ba sai an je nesa ba. A tsakar gidan mahaifiyarsa Nicolasa, can bakin teku, akwai wani mangwaro da ya girma a cikin gishirin tsundum bai taɓa nuna gajiya ba. Ya kwaso ƙwallayensa ya raine su a gwangwanaye, ya jera su a gefen titi, yana cewa matafiyi ya samu inuwa ya kuma samu abin tsotsa. Daga baya teku ta cinye unguwar su Nicolasa, da gidan da bishiyar. Daga baya kuma aka faɗaɗa titin, aka shimfiɗa sabon hannu ta ɗaya gefen bishiyoyin, sai ga su a tsakiya, motoci na wucewa dama da hagu. Kowa ya yaba wa masu aikin da ba su sare su ba, har da shi.

A shekara ta biyu da buɗe sabon titin wata yarinya mai suna Marelvis, 'yar shekara tara, ta hango nunannen mangwaro ta ruga, mota ta kaɗe ta. Eulogio na nan a wurin, yana daga cikin waɗanda suka ɗauke ta daga kwalta. Hukuma ta ce a sare bishiyoyin duka. Ya je ya tsaya a gabansu, hula a hannu, ya yi rantsuwa cewa muddin yana raye ba wanda zai ƙara ganin ɗan mangwaro ko ɗaya a tsakiyar titin nan. Kuma ba jira zai yi su yi 'ya'ya sannan ya kaɗe ba, don mutanen garin nan ɗanye ma ba su bari, gishiri da lemon tsami kawai suke nema. Tun a fure zai kashe magana. Mangwaro kuwa ba ya jin magana: ka kakkaɓe yau, bayan sati uku ya sake fitowa, haka za ku yi ta yi wata uku cur.

Wajen hantsi motar ban ruwa ta tsaya a gefensa tana huci. Temístocles ne direbanta, abokinsa tun na ƙuruciya, mutum mai tumbi da bakin da ba ya hutawa.

"Ka ga mugun tsoho," in ji shi, yana miƙo masa baƙin kofi a murfin filas. "Bayin Allah sun yi kwalliya za su biki, ka zo kana tuɓe musu kaya."

"Buɗe famfonka ka rufe bakinka, compa," in ji Eulogio, da sunan da abokai ke kiran juna da shi a garin.

"Ni da nake shayar da su, kai kana hana su haihuwa. Wallahi in da bishiya na kai ƙara, da tuni kana gidan yari." Ya dube shi da kyau, dariyar ta ragu. "Kafaɗar ce?"

"Tana nan."

"Na ga tana nan, ai ba cewa na yi ta gudu ba. Tun daga kwana nake kallonka, gorar ba ta wuce rabin bishiya. Ga 'yar ofis can tafe, ka gyara tsayuwa."

Yuleidis Pacheco ita ce sabuwar shugabar sashen shuke-shuke, sa'ar 'yarsa ce, kuma abin da ya fi ba shi haushi da ita shi ne ba ta da laifin da zai kama. Ta tsallako da hular rana da wani ƙaramin gwangwani a hannu.

"Don Eulogio, sannu da aiki. Yaran nan biyu da na turo maka fa?"

"Ɗaya ya yi kwana huɗu, wai furen na sa shi atishawa. Ɗayan ya ce zunubi ne."

"To ka gani. A watan Yuni za ka ajiye aiki. In ka tafi, wa zai riƙe gorar?"

Ya dubi furen da ke zube a ƙafafunsa.

"Hukuma ta bar maganar a hannuna, ni kuma ba zan sare su a bayan idonka ba," ta ce. "In ka samo wanda zai gaje ka, su zauna. In ba ka samu ba, ga jan fenti, kai za ka sa musu alamar sarewa da kanka. Kuma kai za ka zaɓi abin da za a dasa. Muna da darbejiya ɗari biyu a wurin raino."

"Darbejiya," ya maimaita, kamar ya tauna ganyenta. "Itacen da ko akuya sai yunwa ta kai mata karo."

"Shi ya sa, Don Eulogio."

Ya karɓi gwangwanin don kada ya bar ta da hannu a miƙe, ya cusa shi can ƙarƙashin kujerar motar Temístocles, ya ce kada ya kuskura ya tuna masa da shi.

Ya nemi magaji, ba a ce bai nema ba. Ya yi wa masunta magana, ya yi wa masu sharar kasuwa, har ɗan ƙanwarsa ya je ya samu a garejin da yake aiki. Kowa sai ya tausaya masa, ya ba shi kujera, sannan ya ce a'a. Wa zai yarda ya tsaya wata uku a tsakanin tireloli, wuya a ɗage, yana lalata abinci? Shi kansa ya san amsar. Wanda ya ɗaure kura shi ke kwance ta, kuma shi ya gaji, gajiyar da barci ba ya warkarwa.

A ƙarshen Janairu, a bishiya ta goma sha bakwai, gorar ta kasa kaiwa ga wani gungun fure can ƙoli. Ya gwada sau uku, kafaɗar ta ƙi. Bai yi wa kansa ƙarya ba: da ya hau bayan tankin Temístocles, minti ɗaya ya isa. Amma ya tsaya yana kallon furen, ganye ya rufe shi ta ɓangaren gari, ba mai ganinsa sai wanda ya tsaya a gindin ya ɗaga kai. Sai ya tuna rabon da ya sa mangwaron Nicolasa a baki tun kafin Marelvis, har ya fara mance ɗanɗanonsa. Guda ɗaya tak, in ji zuciyarsa, kafin su tafi ko kafin ka tafi. Ya sauke gorar ya wuce ta goma sha takwas.

Furen ya kama 'ya'ya uku. Iska ta kaɗe biyu tun suna ƙanana, ya tsince su ya binne da ƙafa kada a gani. Ɗayan ya zauna. Kullum da safe sai ya zo ya yi kamar yana duba saiwa, ya saci kallonsa. Ya ga ya kai girman ƙwai, ya ga ya cika tafin hannu. Bai gaya wa kowa ba, ko Temístocles. Abin da bai yi la'akari da shi ba shi ne nauyi. A tsakiyar Afrilu reshen ya sunkuyo, ya fito daga cikin ganye, mangwaron ya yi jawur da ruwan ɗorawa yana lilo a fili.

Ranar da ya yi niyyar tsinkewa ya makara, tayar kekensa ta yi faci. Yana isowa ya hango mace tsaye a bakin titi daura da ta goma sha bakwai. Dilia ce, mai soya kifi da rogo a rumfar kusa da gidan mai, da cikinta wata bakwai. Hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da sandar shara, ƙafa ɗaya ta riga ta sauka kan kwalta. Kanta na bin motoci, idonta na komawa sama.

Ya yar da keken. Ya kira ta, ƙarar injuna ta danne muryar. Ta ga rata tsakanin tirela biyu ta shiga da sauri irin na mai ciki. Ba ta ga ƙaramar motar ayaba da ke fitowa daga bayan ta farkon ba. Birki ya yi ƙara, motar ta karkace, warin taya ya tashi. Da hayaƙin ya lafa sai ga Dilia zaune daɓas a kan ciyawar tsakiya, tana haki, takalminta ɗaya na can kan kwalta ya baje. Direban ya leƙo ya zage ta, ya zagi garin, ya ja motarsa.

Eulogio bai san yadda ya tsallaka ba. Ya durƙusa a gabanta.

"Kin ji ciwo, 'yata?"

"Ban ji ba, Baba." Ta dafa cikin, ta saurara, ta saki ajiyar zuciya. "Yana motsi. Kwana uku nake kallonsa daga rumfa, ko barci ba na iyawa. Kakata ta ce in mai ciki ta yi kwaɗayin abu ba ta ci ba, da tabonsa za a haifi ɗan. Na ce bari in zo kafin wani ya riga ni." Ta dube shi a kunyace. "Na zaci ka manta da shi ne."

"Ban manta ba."

Ya miƙe ya ɗauki sandar sharar tata. Reshen ya sauko sosai, bai ma sha wahala ba. Mangwaron ya faɗo cikin hularsa, da ɗuminsa na rana, ƙamshinsa ya bugi hancinsa har ya ga tsakar gidan da teku ta cinye. Ya riƙe shi ɗan lokaci. Sannan ya goge shi da gefen rigarsa ya miƙa mata.

Ba ta yi tayi ba, shi ma bai sa ran za ta yi ba. Ta ɓare da haƙori, ta shanye shi tas a zaune a wurin, ruwan na bin gwiwar hannunta. Yana tsaye yana kallon motoci. Da ta gama sai ya tambaya, ba tare da ya juyo ba.

"Yaya yake?"

"Da zaƙi kam." Ta sa farce tana sakace haƙori. "Amma gaskiya zare ya yi masa yawa, Baba. Na kasuwa ya fi shi."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Haka Nicolasa take cewa duk shekara, tana sakace tana mita, tana kuma miƙa hannu ga na biyu.

"Haka yake," ya ce. "Shi ne."

Motar ban ruwa ta iso. Temístocles ya dubi matar, ya dubi takalmin da ke kan kwalta, ya dubi ƙwallon da ke hannunta. Ya gitta motar ya tare hannu ɗaya na titin, Eulogio ya riƙe Dilia ya tsallakar da ita har bakin rumfarta. Da ya dawo sai ya buɗe ƙofar motar, ya zura hannu ƙarƙashin kujera.

"Compa," in ji Temístocles a hankali, "ai da sauran wata biyu."

"Ka gaya wa 'yar ofis ta kawo darbejiyarta. Ta haƙa ramin da zurfi, ƙasar nan yashi ce. Kai kuma ka riƙa ba su ruwa da safe, ba da rana tsaka ba yadda ka saba."

Ya taka har farkon layin, inda ta ɗaya take, wadda ya fara dasawa. Ya ɓalle murfin gwangwanin da ƙugiyar gorarsa, ya jingine gorar a jikin bishiyar, ya tsoma buroshi. Daidai ƙirji ake sa alamar. A shekara goma sha tara, wannan ne aikin farko da ya yi musu bai ɗaga hannu sama ba, kafaɗar ko motsi ba ta yi masa ba har ya kai ta arba'in da uku.