Awon Tela a Cikin Akwatin Kwamfuta

Tun da aka sallamo Dogo daga asibiti bai cika juyo da fuskarsa daga bango ba, sai in an kawo abinci. Mota ce ta buge shi a kan babur ɗin da yake kai wa mutane saƙo da shi, ƙafafuwansa suka daina jin komai. Yayarsa tela ce, kowa a gidan Yaya yake ce mata, kuma ita ke riƙe da shi da mahaifiyarsu. Shirunsa ya fi ciwon ba ta tsoro. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya rufe baki a ci abinci, yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba, ko tsakar gida bai yarda a fitar da shi ba. Wata safiya ya tambaye ta, cikin sanyin murya, ko ƙwayoyin barcin da likita ya ba shi suna da ƙarfi sosai. Ta amsa da dariya, amma daga ranar maganin ya koma cikin jakarta, ko banɗaki za ta shiga da jakar take tafiya.

A ƙarƙashin gadonsa akwai wani baƙin akwatin ƙarfe. Kafin hatsarin ya fara haɗa kwamfutar wasa, kaɗan-kaɗan yadda aljihu ya ba da hali. Ya sayi akwatin, ya ɗaura babban allon da komai ke maƙalewa a jikinsa, ya sa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, sauran yana jiran su. A lokacin har ciwon kai yake sa ta da zancen.

"Dogo," ta ce, "in ƙarasa maka abin nan naka?"

"Ki ba masu sayen tsohon ƙarfe, Yaya."

Ba ta ba su ba. Ta jira barci ya ɗauke shi da hantsi, ta jawo akwatin zuwa ɗakin ɗinkinta, ta buɗe, ta ɗauki hoton cikinsa ta ko'ina da wayarta. Ta tuna ya taɓa cewa katin girafik, wanda ke zana hoton wasa, sai an duba tsawonsa kafin a saya. Ta zaro tef daga wuyanta ta auna filin da ke ciki, daga bayan akwatin zuwa wata 'yar kantar ƙarfe da ke gaba. Ta riƙe awon a ka, kamar yadda take riƙe na kowace mai kawo ɗinki.

A kasuwa, layin masu kwamfuta ya cika da ƙarar janareta da samari masu jan hannun riga. Ta rungume jakarta ta wuce su, ta shiga wani ƙaramin shago inda wani dattijo mai tabarau a kan hanci yake hura wa wani allo iska.

"Hajiya, ke ce za ki buga wasan?" ya ce bayan ya duba hotunan.

"Ni da ko agogon wayata sai an saita mini? Na ƙanena ne, Malam. Ba shi da lafiya." Ta faɗa masa iyakar ƙarfinta, ba ta ɓoye ba.

"To, zauna. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya sayen komai mai kyau, sai ya zaɓi inda zai yi rowa." Ya ajiye wasu siraran sanduna biyu a kan tebur. "Wannan ram ne, shi ke riƙe wa kwamfuta aikin da take kai. Na hannu ya isa, ba ya saurin mutuwa. Fanka mai fitilu kala-kala, wannan kwalliya ce, bar wa 'ya'yan masu kuɗi. Amma wannan," ya ɗora tafinsa a kan wani ɗan akwati mai tarin wayoyi, "shi ke raba wa kowa wuta. A nan ba a rowa. Mai arha in ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja 'yan'uwansa, wani lokacin har da labulen ɗaki."

Yaya ta hango hayaƙi a ɗakin da mai shi ba zai iya tashi ya gudu ba. "Ba ni mai kyan," ta ce.

Sai aka zo kan katin. Ya fito da guda biyu. Ɗaya gajere ne mai fanka ɗaya, zai yi wasa amma da ɗingishi. Ɗayan dogo ne mai nauyi, na hannu, kuma shi ne irin wanda masu wasa ke mafarki. Ya haɗa shi a wata kwamfuta ya nuna mata yana aiki, motoci suna tsere a kan gilashi kamar a taɓa su.

"Amma dogon nan ba kowane akwati yake shiga ba. Kin auna?"

Ta faɗa masa awon. Ya ɗora rula a kan katin, ya gyaɗa kai. "Zai shiga, da kyar. Kin tabbata da awon? Kayan hannu ne, in ya fita ƙofar nan ya fita."

"Malam, awo ne sana'ata."

A cikin mota ta kira wayar Inna don ta ji lafiyar gida. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ta san Inna ba ta ji sosai, ta kuma san wayar kan kwana a ƙarƙashin filo, amma sanin bai kwantar mata da hankali ba. Ta laluba jaka, maganin yana nan. Sai ta tuna rezar da ta gyara masa gemu da ita jiya. Ta ɗauke ta daga kan kujerar gefen gado, ko ba ta ɗauke ba? Ta sake kira. Motoci sun cunkushe, direba yana ta hira da yaronsa kamar babu mai sauri a duniya. Ta sauka tun kafin a kai layinsu, ta ƙarasa da sassarfa, kwalin a ƙirjinta.

Inna na tsakar gida tana shanya. Yaya ta wuce ta ba sallama, ta tura ƙofar ɗakin. Yana kwance yadda ta bar shi. Ta tsaya har sai da ta ga bayansa ya ɗaga ya sauka. Rezar ba ta kan kujera, tana cikin aljihun rigarta tun jiya.

Ta shimfiɗa tabarma a gaban gadon, ta ɗauko akwatin, ta zauna. Da gangan ta riƙa yin magana da ƙarfi, wai da kanta take yi. "To, mai shago ya ce sandunan nan sai sun ce ƙyas." Suka ce ƙyas. Ta ɗaura mai raba wuta da sukurori. Bai juyo ba, amma ta lura numfashinsa ya daina zama na mai barci.

Ta zare katin daga ledarsa, ta saita shi a bakin raminsa. Gindinsa ya zauna, kansa ya tokare da kantar ƙarfen nan. Ta karkata shi, ta ɗaga, ta sake saukewa. Ya ƙi. Abin da ya rage bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Ta zaro tef ta sake aunawa. Awon da ta faɗa wa mai shago ba shi ne a jikin tef ba. Tun tana koyon ɗinki aka horar da ita cewa ba a yanka yadi daidai jiki, sai an bar rara saboda ninki da numfashi. Hannunta ya auna daidai, kanta kuma ya ƙara rarar da kansa, kamar kullum, ba tare da ya tambaye ta ba.

Ta dubi bayan ƙanenta. In ya ji ta gaza, ba faɗa zai yi ba, zai ƙara shigewa bango ne, kuma ba ta da wata dabarar da ta rage. Yadi in ya matse akan ja shi ya ba da kai. Ta dafa katin da tafin hannu biyu, ta danna. Wani abu ya ce ƙas.

"Yaya! Dakata!"

Ta ɗago. Ya dogara da gwiwar hannu, idanunsa a waje.

"Cire hannunki. A hankali. Kada ki ja shi, akwai ɗan maƙalli a ƙarshen ramin, danna shi tukuna. Innalillahi, wa ya ce miki ana danna shi kamar kayan wanki a jaka?"

Ta yi yadda ya ce, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, ya bi gefen zinariyar da ɗan yatsa, ya hura fankokin suka juya. Wani ɓallin baƙar roba ya faɗo kan bargo.

"Na kashe shi?" ta tambaya.

"Ban sani ba. Robar murfi ce ta fashe. Na ciki kuma sai an kunna." Ya karanta rubutun jikin katin, ya dube ta. "Kin san abin da kika sayo kuwa?"

"Mai shago ya ce mai kyau ne."

"Ai ya fi ƙarfin akwatin nan. Ba ki auna ba?"

"Na auna. Na bar masa rara."

"Rara?" Wani sauti ya fito daga hancinsa, bai kai dariya ba. "Yaya, kwamfutar ce za ta yi ƙiba bayan haihuwa?"

"Kai dai faɗa mini abin yi, sarkin baki."

Ya sa ta ɗora masa akwatin a cinya. Ya leƙa, ya taɓa kantar. Wurin ajiye tsofaffin faifan adana bayanai ne, in ji shi, ba sa bukatarsa, amma ba da sukurori aka ɗaura shi ba, ƙusoshi ne aka dasa, sai an huda kansu da injin huji. Kafintan bakin layi yana da shi.

"Bari in kai masa," ta ce, ta miƙa hannu.

Ya riƙe akwatin gam. "Shi? Mutumin da ya yi wa Inna kujera mai ƙafa uku da rabi? Zai huda mini allo, garin ƙarfe ya zuba a ciki, shi ke nan." Ya kalli ƙofa. "Akwai mutane a layin?"

"Akwai."

"Da yawa?"

"Kamar kullum."

Yaya ta kafe ido a kan tabarma, tana tsoron ko numfashi mai ƙarfi ta yi zai fasa.

"Kawo keken guragun nan na asibiti," ya ce. "Ki miƙo mini sukudireba in cire allon tukuna. Kuma ki samo tsohon zani a rufe katin nan, kada Inna ta ɗauka faranti ne."

Ta fita ɗauko keken daga bayan ƙofar ɗakin ɗinki. Tana goge shi ta ji muryarsa daga ɗaki, yana ɗaga ta yadda Inna za ta ji.

"Inna! Ina hulata?"