Yatsun Mizanur

Barau ya jefa akwatin Mizanur a bayan motar kamfanin wanki, ya tayar da ita, bai yarda sun haɗa ido ba. Shekara shida suna ɗaki ɗaya a unguwar Ƙurban ta Madina, shi mutumin Maraɗi, Mizanur ɗan Bangaladash, suna hira da guntun Larabcin da aiki ya koya musu. Makon jiya mudir, shugaban kamfanin, ya yanka wa Mizanur huruj niha'i, fita ba dawowa, kuma Barau aka ce ya kai shi filin jirgi.

Barau ne ya jawo masa. Bara ne Dakta Abdulrauf, Bahaushen Sudan mai koyarwa a wata jami'a a Turai, ya zo bincike kan leburorin Indiya da Bangaladash, kowa yana gudunsa. A masallacin Ƙuba ya ji Barau yana Hausa, ya maƙale masa. Barau ya yi ta lallaɓar Mizanur har ya ba da labarin injin guga da ya cinye masa yatsu biyu, da yadda aka hana shi zuwa asibiti sai bayan kwana uku. Dakta ya rantse ba wanda zai gane shi.

A ƙofar shiga filin jirgin, Mizanur ya riƙe hannun Barau da yatsunsa uku.

"Mafi mushkila, sadik," ya ce. Wai ba komai, aboki.

Da zaginsa ya yi, da ya fi wa Barau sauƙi. Yana komawa mota ya kira Dakta.

"Dakta, sun kori Mizanur. Mudir ya karanta rubutunka."

"Subhanallahi! Ai na canza masa suna, Malam Barau. Karim na sa."

"Karim mai yatsu uku, mai guga a Madina, ɗan garin Kumilla. Su nawa ne?"

Dakta ya ce wallahi ya ji zafi, amma duniya ta san gaskiya yanzu, har taro aka gayyace shi a kan maganar.

"'Ya'yansa huɗu," in ji Barau.

"Allah sarki. Ka ga, ina wani sabon aiki kan waɗanda aka mayar gida. Labarinsa zai yi amfani ƙwarai. Kana da lambarsa ta can?"

Tana cikin wayar da ke kunnen Barau, da ta matar Mizanur, da ta ƙanensa.

"Ba ni da ita, Dakta," ya ce.

Ya kashe, ya juya motar zuwa otal, inda zannuwan gado ke jiransa.