Jirgin Baba Dawuda

Uban gidana ya ce in kai masa karafan Riyadh, wato motar nan mai gado da murhu a ciki da yake fita sahara da ita. Daga gonarsa a Wadi Dawasir tafiyar yini ce. Da Baba Dawuda, mai ban ruwan dabino, ya ji labari, tun kafin in tayar da mota ya hakimce a gaba da jakarsa.

Igamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ranar Lahadi zai koma gida gaba ɗaya. Abu guda ya rage masa. A samartakarsa shekara goma sha ɗaya ya yi yana sharar jiragen sama, kuma ya ji an ajiye irin jirginsu a gidan tarihin jirage da ke Riyadh. Idan bai gan shi ranar Asabar ɗin nan ba, shi ke nan.

Hanyar shimfiɗe take kamar tabarma, ba tudu ba kwari. Tsohon nan ko gyangyaɗi bai yi ba. Ya dafa shayi sau uku, ya gwada gadon, ya ɗaga wa raƙuma hannu, ya cika ni da labarin jirgi har na ji kamar ni ma na taɓa sharewa. Rabon da in yi dariya haka na manta.

Bayan la'asar muka isa. Mai gadi ya leƙa motar ya girgiza kai.

"Yau ranar iyali ce, ya shaikh. Maza su kaɗai sai Talata."

Raina ya ɓaci. Mu da muka saba da gona, ko a mafarki ban tuna da wannan tsari ba. Na roƙa da Larabcin da nake da shi, bai yi ba. Baba yana ta kallon wutsiyar jirgin ta saman katanga.

"Ghali, mu tafi," ya ce da ni. "Na ga wutsiya ma, alhamdulillahi."

Sai wata mata da ke bayanmu da 'yan mata biyu ta juyo. "Wa nake ji da Hausa haka?" Ashe Hajiya Biba ce, mai sayar da tuwo a unguwar Manfuha. Na zayyana mata komai. Ba ta yi wata-wata ba, ta karɓe jakar Baba ta nufi ƙofa.

"Haza abuya," ta ce wa mai gadi, wai babanta ne. Ta nuna ni. "Wannan kuma direbanmu."

Ni aka mayar direba, alhali da ta ce ƙane ba abin da zai ragu. Mai gadin dai ya yi murmushi ya buɗe.

Baba ya hau matakalar jirgin da sauri fiye da mu duka. A ciki ya tsaya gaban wata faffaɗar kujera ta gaba, ya shafa ta.

"Baba, zauna mana in ɗauke ka hoto," in ji Hajiya.

Ya waiga hagu da dama, sannan ya zauna a hankali, ya miƙe ƙafa. Dariya yake, hawaye na zuba.

"'Yata," ya ce, "ashe haka take da laushi."