Ƙafar Sabiru

Sabiru mahauci ne a mayankar Oko-Oba. Tun yana saurayi ya baro Ringim, ya zauna a Agege, ya auri Raliya, haifaffiyar unguwar, wadda Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinta. 'Yarsu ɗaya, Fareeda, kuma an kai ta ɗakin miji a Ibadan.

Wata Juma'a ma'aikatan lafiya suka kafa rumfa a ƙofar masallaci suna gwada jini kyauta. Nan aka gaya wa Sabiru yana da ciwon suga. Ya sha magani na ɗan lokaci, da ya ji ƙarfin jikinsa sai ya watsar. Shayinsa mai kaurin madara da burodin Agege kuwa bai taɓa fashi ba. In Raliya ta yi magana sai ya yi dariya.

"Maman Fareeda, mutumin da ke kayar da sa shi kaɗai ne za ki ce ba shi da lafiya?"

Da damina wani tsinin ƙashi ya huda takalminsa na roba ya shige tafin ƙafarsa. Bai ji komai ba. Haka ya wuni a cikin ruwa da jini da kashin shanu. Raliya ce ta ga jini a kan tabarma bayan ya idar da sallar la'asar. Ta wanke, ta ɗaure. Ciwon ya ƙi warkewa. Ya koma baƙi, ya fara wari, har maƙwabta suka daina tsayawa hira a ƙofar ɗakin.

Da ƙyar ta sa shi a danfo, ƙaramar bas ta haya, suka tafi babban asibiti. Ɗakin da aka kwantar da shi cike yake da irinsa, tsofaffi da masu ƙarfi, wani babu yatsu, wani babu ƙafa ɗungurum. Likitar, wata Bayarabiya mai sanyin murya, ta duba ta ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa.

Sabiru ya tashi zaune.

"Likita, datse ƙafa sana'ata ce. Na san ƙarar da ƙashi yake yi. Ba za a yi mini ba."

Da likitar ta fita ya kama hannun matarsa.

"Yadda Allah ya halicce ni haka zan koma masa. Ki yi mini alkawari ba za ki bar su ba."

Raliya tana kuka ta gyaɗa kai.

Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya rufe shi. Ya daina gane mutane, yana ta kiran sunayen abokan ƙuruciyarsa na Ringim. Likitar ta ja Raliya gefe, ta yi mata magana da Yarabanci, a hankali, kamar 'yar uwa. Ta ce gubar ta shiga jini. In ba a yanke yau ba, gobe gawa za su ɗauka.

Raliya ta kira Shitu, ƙanen mijinta, direban tirelar shanu. Yana hanya, wayar ta ƙi shiga. Ta kira Fareeda, ita kuwa kuka kawai take yi. Ta koma ta tsaya a kan Sabiru tana kallon yadda ƙirjinsa ke ɗagawa da ƙyar. Sannan ta je ta ce wa likitar su yi.

Ya farfaɗo washegari da hantsi. Ya daɗe yana kallon inda zanin gado ya kwanta shafal.

"Wa ya ba su izini?"

"Ni ce, Baban Fareeda."

Ya juya fuskarsa bango.

Aka sallame su, suka koma gida. Raliya ta koyi yin allurar suga, ta koyi wanke dungulmin, ta sauya girki gaba ɗaya. Yakan miƙa mata hannu ta yi allurar, yakan ci abin da ta ajiye. Bai zage ta ba, bai ɗaga mata murya ba. Magana ce dai babu, sai "to" da "a'a". Abokan sana'arsa sukan biyo da yamma da ƙullin nama, ya yi hira da su har da dariya. Suna fita ɗakin ya koma shiru.

Wata rana ta durƙusa a gabansa.

"Don Allah ka zage ni. Ka ce wani abu. Da na bar ka ka mutu fa?"

Ya ce, "Da kin cika alkawari."

Da Shitu ya sauke shanu a Oko-Oba, Sabiru ya ce zai bi shi gida Ringim ya ga dangi. Raliya ta ce za ta bi su. Ya ce ta zauna, ba daɗewa zai yi ba. Ta zuba ƙanƙara a fulas ta jera kwalaben allurar a ciki, ta yi wa Shitu bayani har sai da ya haddace. Mahauta suka ciccibi Sabiru suka ɗora a gaban mota. Ta tsaya a ƙasa tana riƙe da sandunan da yake dogarawa, ta miƙa masa ta taga.

Ya karɓa, ya dube ta sosai, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Raliya, na san ba mugunta kika yi ba. Zuciyata ce ta ƙi. Ki yi mini addu'a."

Motar ta tashi.

Tana kira kullum. Wani lokaci ya ɗauka ya ce lafiya lau, wani lokaci a ce yana barci. Duk sanda ta tambayi allura sai ya ce akwai. Ashe ta ƙare tuni, bai gaya wa kowa ba, mutanen gida kuma ba su san abin da za su lura da shi ba.

Bayan Babbar Sallah Shitu ya kira ta da safe, tana tsaka da wanki.

"Anti, sai haƙuri. Yaya ya rasu da asuba. Yanzu muka dawo daga maƙabarta."

Ta zauna a kan bokitin da ta kife. Ta yi salati. Can ta ce, "Shitu, ya ambace ni?"

Shitu ya sassauta murya.

"Anti, ai a ƙarshe ba ya iya magana sosai."

Ta ce to, Allah ya jiƙansa. Ta ajiye wayar. Maƙwabciyarta, Mama Tunde, ta fito da tsintsiya ta gan ta zaune, hannu duk kumfa. Ta tambaye ta me ya faru. Raliya ta ɗago ta dube ta. Mama Tunde ta yar da tsintsiyar, ta kama ta, ta shigar da ita ɗaki, sannan ta fita kiran matan gidan.