Motar da Bai Yarda da Ita Ba

"Ki ce kin ji," in ji Yaya, tana gyara mata mayafi a barandar kotu kamar yarinyar da za a kai makaranta. "Ki ce kin ji shi da kunnenki yana cewa birki bai gyaru ba. Wa zai buɗe kunnen naki ya duba?"

Hankalin matar bakanike ba ya kan yayarta. Idonta na kan bencin da ke fuskantarsu, inda wata mai sayar da atamfa ke zaune da sanda a gefenta. Matar nan tana cikin bas ɗin ranar da ta ƙwace a gangaren gada. Ita ta fita da karaya, 'yarta ba ta fita ba. Tun daga ranar, in suka haɗu a kasuwa sai mai atamfar ta kau da kai. Ba ita kaɗai ba ce. Da aka yi rasuwar mijin matar bakanike, tabarmin da aka shimfiɗa don masu gaisuwa rabinsu babu wanda ya zauna a kai, don gari ya riga ya ɗauka cewa shi ya gyara motar, shi ya ce ta yi, shi ya kashe mutane ya haɗa da kansa.

"Da ke nake," Yaya ta zungure ta.

"Yaya, alwala gare ni. Rantsuwa zan yi."

"To, malama. Allah ya ba da lada. Shi wancan mai tumbin da ya ɗauko lauya mai tsada, alwalar yake yi?"

Ɗan sandan kotu ya leƙo ya kira ta. Ta miƙe ta bi shi.

Ɗakin bai kai girman da ta zata ba. Fanka ɗaya ce ke juyawa, tana ƙara irin wadda da mijinta na nan da ya ce a ba shi tsani. Alƙali na can sama da tabarau a ƙarshen hanci. A gefe, cikin wani ɗan akwatin katako, Mai Motoci ne zaune, mai bas ɗin, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Da can in ya zo gareji ko gaisuwarta ba ya amsawa sosai. Yau shi ya fara sunkuyar da kai.

Aka rantsar da ita. Lauyar gwamnati, wata doguwa mai sanyin murya, ta matso.

"Baba, ki kwantar da hankalinki. Mene ne tsakaninki da marigayi?"

"Mijina ne. Uban 'ya'yana."

"Sana'arsa fa?"

"Gyaran mota. Mai Kunne ake ce masa. In mota ta shigo layinmu yana cikin ɗaki, kafin ta tsaya ya faɗi abin da ke damunta."

Wani ya yi 'yar dariya a baya. Ita ba ta yi ba, don ba wasa ta faɗa ba.

Lauyar ta ɗaga wata 'yar leda, da makulli a ciki. "Kin san wannan?"

"Na san shi. Na bas ɗin ne. A bayan ƙofar ɗakina 'yan sanda suka ɗauke shi."

"Me ya kai makullin motar mutane bayan ƙofarki?"

"Haka yake aiki. In bai gama da mota ba, ba ya barin makullinta a gareji. Sai ya shigo da shi ya ba ni, in rataye a ƙusa. Ranar da ya gama zai ce, 'Uwar gida, sallami baƙonki.' Wannan bai ce in sallame shi ba."

Ta ba da labarin safiyar yadda yake. Garejin rumfa ce a gaban gidansu, titi kawai ya raba. Tana shanya a ƙofar gida, shi yana ciki yana karyawa, sai ga Mai Motoci da direbansa. Ta ga ya zaro wani makulli daga aljihu ya miƙa wa direba. Injin na tashi mijinta ya fito a guje, takalmi a ƙafa ɗaya. Ya sha gaban bas ɗin ya buɗe hannuwa. Mai Motoci ya kama shi ta kafaɗa ya ja shi gefe. Motar ta fara tafiya. Mijinta ya fizge, ya bi ta, ya kama ƙofa ya ɗane.

"Ɗayan takalmin yana nan," ta ce. "Ban san abin da zan yi da shi ba."

Alƙali ya ɗago ya dube ta, ya mayar da kai ya ci gaba da rubutu.

Sai lauyan Mai Motoci ya tashi. Ta zaci zai zo da faɗa, sai ya zo da ladabi, ya yi mata ta'aziyya har ta amsa.

"Hajiya, kin san yadda birkin mota yake aiki?"

"Ban sani ba."

"Kin duba motar nan da kanki?"

"Ban taɓa ta ba."

"Lokacin da mijinki ya tsaya gaban motar, me ya ce?"

Ba ta waiwaya ba, amma ta ji idon Yaya a ƙeyarta kamar garwashi. Kalmomin suna nan a bakinta, a shirye, kuma ta san ko ba ta ji ba su ɗin ya faɗa. Me kuma zai faɗa? Sai ta tuna mutumin da zai mayar wa mai mota tsohon ƙarfen da ya cire, ko da ya lalace, don kada a ce ya ɓoye wani abu.

"Ban ji ba," ta ce. "Injin na ƙara. Bakinsa na gani yana motsi."

Daga bayan ɗakin aka ji Yaya ta ce, "Innalillahi!" Ɗan sanda ya daka tsawa a yi shiru.

"Madalla, kin faɗi gaskiya," in ji lauyan. "Ke nan zai iya yiwuwa cewa ya yi a tsaya a biya shi."

"Bai taɓa tare mota don wannan ba."

"Amma ba ki ji ba."

"Ban ji ba."

"Makulli kuma mutum na iya mantawa da shi a gida. To, Hajiya, ga abin da nake so ki taimaka wa kotu da shi. Waɗanda suka tsira sun ce a gaba mijinki ya zauna, kusa da direba. Mai hankali ne, ya san mota. Mutum zai shiga motar da ya san ba ta da birki? Ai shigarsa ita ce shaidar ya yarda da aikinsa."

 Ta saki katakon akwatin shaida da ta riƙe, ta juya ga alƙali.

"Ranka ya daɗe, in yi magana?"

"Ita kika zo yi."

"Tun ina amarya nake kallon mutumin nan yana aiki, har muka aurar da 'ya'ya. Motar da ya gama gyarawa ba ya shiganta. Ko cewa aka yi ya zo a rage masa hanya, ba ya shiga. Tsayawa yake a bakin titi ya karkata kai yana saurarenta har ta sha kwana, sannan ya dawo ya ce in ba shi ruwa. Ya ce in ya yi aikinsa daidai, mota ba ta bukatarsa. Wadda yake shiga ita ce wadda bai yarda da ita ba. Sai ya zauna gaba kusa da direba, don in wani abu ya taso yana nan. Mun sha faɗa a kan wannan. Na ce masa, 'Kai kaɗai ne mai rai biyu?' Ya ce, 'To in ban shiga ba, wa zai ji ta?' A tambayi kowane direba a tasha. In suka ga Mai Kunne a gaban mota, tsokanar mai ita suke, su ce yau motarka na asibiti."

 A jerin baya akwai direbobi biyu da suka zo kallo, ta ga ɗaya yana gyaɗa kai.

Lauyan bai ruɗe ba. Ya jira ta gama, ya ce a hankali, "In haka ne, da aka isa tasha me ya hana shi ya hana mutane shiga?"

Tambayar ta same ta inda ba ta warke ba.

"Ban sani ba. Ban je tashar ba." Ta dubi lauyan. "Wannan tambayar ni ma kullum sai na yi masa ita. Bai ba ni amsa ba tukuna."

Lauyan ya ce ba shi da sauran tambaya. Alƙali ya ce ta sauka, an gode. Aka ɗage shari'a zuwa wata mai zuwa.

A waje rana ta take. Yaya na tafe tana mita har bakin titi. "Ke dai ba a taimakonki. An ba ki tsani kin ce ke katanga za ki hau. Irin taurin kan mijinki sak, Allah ya jiƙansa." Amma ta riƙe mata hannu, ba ta saki ba, kuma da gefen mayafi take share hanci.

Bencin jiran mota a cike yake. A ƙarshensa mai atamfa ce, ta miƙe ƙafarta mai ciwo. Matar bakanike ta tsaya nesa kaɗan, yadda ta saba. Sai ta ga matar ta ɗauke jakarta daga kan benci ta ɗora a cinya.

"Zo ki zauna, 'yar'uwa."

Ta zauna. Kowa na kallon titi.

"Bayansa nake zaune," in ji mai atamfa, ba ta dube ta ba. "Tun daga tasha hannunsa na kan ƙarfen nan na tsakiya, wanda ake ja in an tsaya. Bai ɗauke ba. Yana ta yi wa direba magana, direba na ɗaga masa hannu. Ni na zaci hira suke, na zaci wurin ɗora hannu ya samu. Da na ba da tawa shaidar ba wanda ya tambaye ni hannunsa, ni ma ban san abin faɗa ba ne." Ta juya sandarta. "Gobe zan sa a kawo ni wurin doguwar nan. In an yarda in ƙara, zan ƙara."

Matar bakanike ta juyo ta dube ta.

"Ban zo miki gaisuwa ba," in ji mai atamfa. "Allah ya jiƙan maigidanki. Allah ya sa ya huta."

"Amin. Allah ya jiƙan yarinya, ya ba ki haƙuri."

Wata bas ta taho, yaron mota na ihu. Direba ya taka birki, ta yi wani dogon kuka kafin ta tsaya. Mutane suka yi caa a ƙofa, Yaya ta tattara zani za ta kutsa. Matar bakanike ta karkata kai gefe, ta kama hannun Yaya da hannu ɗaya, ɗayan ta ɗora a gwiwar mai atamfa.

"Ku bari ta wuce," ta ce. "Mu jira ta baya."

"Ji mata!" in ji Yaya. "Ɗazu kika rantse ba ki san birki ba."

"Ban sani ba. Amma wannan da yana nan, da ya shiga."