Yadda Aka Rufe Bakin Tsawa

Shekarar da aka rufe masaƙar da Kassimu yake aiki a Kano, sai ya tattara ya koma ƙauyensu, Tudun Kanya, can wajen Makoda. Abin da ya zo da shi bai taka kara ya karya ba: matarsa Maijidda, 'ya'ya uku, keken ɗinki, sai wata jar mota da babu wanda ya gane amfaninta. Shekarun nan ne da sabulu da madara suka zama sai an bi layi, damina kuma ta yi ta ɗaukewa tun gero bai cika ido ba.

Motar ta tsere ce. Ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Wani injiniya Bature da ya kafa injinan masaƙar ne ya bar wa Kassimu ita da zai koma ƙasarsu, tun duniya na kwance. Da abubuwa suka ɓaci Kassimu ya nemi rabuwa da ita, amma duk dillalin da ya leƙa sai ya girgiza kai. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar fasinja, wa zai saya? Ranar da ta shigo ƙauyen, jakin liman ya tsinke igiya ya faɗa gonar rogo, kaji suka watse, tsofaffi suka yi ta salati. Kafin la'asar an raɗa mata suna Tsawa.

Kassimu dariya kawai ya yi. A ganinsa ƙauyanci ne. Shi dai a kunnensa ƙarar motar daidai take, har daɗi take yi masa. Ya yi mata rumfar kara a bayan gida, ya lulluɓe ta, ya ɗauki fartanya ya bi wansa Dabo gona.

Dabo shi ne babba a gidan. Shi ya riƙe gandu tun rasuwar mahaifinsu, shi ya tsaya sai da Kassimu ya yi makaranta. Mutum ne mai faɗa a kan aiki, ba ya ganin ciyawa a kunya ya wuce. Wata safiya, ana tsakiyar noman gyaɗa, fartanya ta suɓuce daga hannunsa, ya durƙushe a tsakanin kunyoyi. Kafin a kai shi inuwa ɓarin jikinsa na dama ya saki, bakinsa ya karkace.

Bayan kwana tara a asibitin Bici, likita ya sallame su da sharaɗi.

"Hawan jini ne. Rai ya tsira, alhamdu lillahi. Amma sai an kawo shi gashin ƙashi kullum, wata uku. In kuka yi sakaci hannun da ƙafar za su sandare, shi ke nan."

Motar haya ba ta biyowa ta Tudun Kanya sai ranar kasuwa, ita ma a cushe. Mai shanyewar jiki kuwa ba ya zama a babur. Kassimu ya yaye wa Tsawa lulluɓi.

Tafiyar farko ba ta yi kyau ba. Mutum uku suka taru kafin a cusa Dabo cikin kujerar da ke can ƙasa kamar rami. Hanyar burji ce mai gargada, motar kuma a sandare take, duk tsakuwar da ta taka sai ka ji ta a ƙashin bayanka. Kafin su kai kwalta Dabo ya yi amai sau biyu. Da suka dawo, hannunsa mai lafiya yana dafe da kansa, hawaye na bin kumatunsa. Kassimu bai taɓa ganin hawayen wansa ba, ko ranar da aka binne mahaifinsu.

Washegari da aka zo ɗaukarsa, Dabo ya juya fuska ga bango. Kalma ɗaya ce ta rage masa da yake iya fitarwa sarai, ita ya yi ta maimaitawa.

"A'a. A'a."

Kassimu ya koma ɗaki ransa a ɓace, ya zauna bakin gado.

"Ni ban gane Yaya ba. Girgizar hanya na yarda, amma me ya kawo riƙe kai?"

Maijidda ta tsayar da keken ɗinki.

"Malam, in faɗa maka wata magana ba za ka ji haushi ba?"

"Faɗi."

"Ƙarar ce. Mai lafiya ma kansa sarawa yake yi a motar nan, balle mai ciwo. Kai ne ba ka ji."

"Kamar yaya ba na ji?"

Ta tashi ta zagaya bayansa, ta tsaya kamar taku uku. Ya jira. Can ta dawo gabansa.

"Sau huɗu na kira sunanka yanzu."

Shekara goma sha shida ya yi a tsakiyar injinan saƙa, inda mutum ba ya jin na kusa da shi sai da alamar hannu. Ashe abin da ya sa yara suke ɗaga murya in suna yi masa magana ke nan. Ashe ta daɗe da sani.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haifi 'yarmu Sakina."

Ya dubi tafin hannunsa. Sannan ya ce, "To, ni ina da hannu, ke kina da kunne. Ɗauko mayafinki."

Ranar mutanen Tudun Kanya suka ga abin da ba su taɓa gani ba: matar aure a cikin Tsawa, da guntun alli a hannu. Kassimu yana tuƙi a hankali a kan gargada, ita kuma tana karkata kai tana saurare. Duk inda ta ji motsi sai ta shata masa alli.

"Ƙofar nan tana kaɗawa kamar gwangwani. Nan ƙarƙashin ƙafata kuma wani abu yana ƙyas-ƙyas. Tsaya, koma baya ka sake taka ramin. Yauwa, bayan kujera ne."

Da suka dawo, cikin motar ya yi fari da zane, wuri ashirin da uku.

Babbar matsalar salansa ce, wadda ta ruɓe ta huje. Sabuwa kuwa ko a Kano babu, don an daina shigo da kayan gyara. Kassimu ya tafi Makoda wajen Mati mai walda, ɗauke da wata tsohuwar tukunyar kashe gobara da ya tsinta ranar da aka rufe masaƙa.

Mati ya juya ta, ya ƙwanƙwasa. "Me zan yi da wannan?"

"Ka yanke kai da gindi. Mu zura bututu a tsakiya, mu huhhuda shi, mu cusa soson ƙarfe a kewaye."

"Ka taɓa ganin an yi?"

"Ban taɓa ba."

"To, ni ma ban taɓa ba. Kawo."

Gwajin farko ƙarar ta mutu, amma motar ma ta kusa mutuwa. Numfashinta ya toshe, ko ɗan tudun bakin kasuwa ta kasa hawa, masu shayi suna ta dariya. Suka sake farke tukunyar, suka ƙara faɗin bututun, suka ƙara huji, suka rage soso. A karo na uku injin ya tashi da wani gurnani mai taushi. Kassimu bai ji komai ba, sai da ya dafa bodin ya ji tana rawa.

"Ta mutu ne?" ya tambaya.

Mati ya tuntsire da dariya. "Tana raye, Malam. Ladabi ta koya."

Ƙofofin kuwa, kwalta ya yi musu. Akwai wasu gangunan kwalta da 'yan kwangila suka watsar a bakin hanyar da aka fara aka bari. Ya kankaro abin da ya daskare a gindinsu, ya narkar a tsohuwar tukunya, ya tsoma yankakken buhun gyaɗa a ciki, ya manna a cikin ƙofofi da bayan kujeru. Da ya ƙwanƙwasa ƙofar, Maijidda ta ce yanzu ƙarar ta koma kamar ta bangon ƙasa. Duk inda ƙarfe yake gogar ƙarfe ya yanka tsohon tiyub ya cusa a tsakani.

Ƙasan motar ne ya kusa jawo musu asara. Maijidda ta ɗinka wata siririyar katifa ta audugar rimi, aka shimfiɗa. Suna cikin gwaji, daidai wata gonar dawa, ta dafa hannunsa.

"Malam, ƙauri!"

Ya taka burki. Hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin ƙafarta, daidai inda bututun salansa ya bi. Ya fizgo katifar ya jefar, ta kama ci da wuta a kan hanya, suka yi ta watsa mata ƙasa. Da wutar ta mutu suka tsaya suna kallon juna, fuska duk toka. Maijidda ce ta fara dariya.

"Kwana biyu na yi ina ɗinka ta."

"Laifina ne. Na manta da zafin."

Ya koma wajen Mati, aka sa fallen kwano tsakanin bututun da ƙasan motar, aka bar tazarar yatsa biyu don iska ta ratsa. Maimakon auduga, tsofaffin barguna uku aka ninka aka shimfiɗa.

Kwanaki suna tafiya. Kullum da safe Kassimu yakan shiga gaida wansa, ya ga yatsun hannun daman suna ƙara dunƙulewa. Kulu, matar Dabo, tana gasa masa da ruwan ɗumi, amma ba ta iya buɗe su. Kallon Kassimu kawai take yi. Kallon nan ya fi masa faɗa ciwo.

Saura girgiza. A bayan garejin wani bakanike a Bici ya samu gawar wata ƙaramar mota, ya ciro sifirin ɗinta masu laushi da tayoyinta masu kauri. Kwana biyu ya yi a ƙarƙashin Tsawa yana dacewa da su. Da ya sauke ta, ta ɗaga daga ƙasa kamar taƙi guda. Kyanta ya ragu, ta zama kamar zakara a kan dogayen ƙafafu, amma ko a jikinsa. Nababa baduku ya ɗaga kujerar fasinja, ya cusa mata audugar rimi, ya rufe da jar fata, ya kuma yi wata faffaɗar ɗamara da za ta tallafi kafaɗar da ta saki.

Rana ta goma sha ɗaya Maijidda ta cika ƙwarya da ruwa, saura yatsa ɗaya ta tumbatsa, ta ɗora a cinya. Suka je har bakin kwalta suka dawo. Ta fito, ta nuna masa zanenta. A bushe yake.

"Saura nawa a cikin ashirin da ukun?" ya tambaya.

"Babu ko ɗaya. Har kukan kurciya na ji a hanya."

Washegari da hantsi ya kawo motar ƙofar zaure, ya bar ta a kunne, ya shiga. Dabo yana jingine da bango a kan tabarma, Kulu tana ba shi koko.

"Yaya, ina kwana. Yau za mu koma asibiti."

"A'a."

"Mota tana ƙofa."

"A'a!"

"Yaya, a kunne take. Tun kafin in yi sallama take a kunne."

Dabo ya tsaya da haɗiyar koko. Ya karkata kai wajen zaure. Ana jin daka daga maƙwabta, ana jin wata akuya tana kiran ɗanta. Ya dubi Kulu. Ta tashi ta leƙa, ta dawo tana riƙe da haɓa.

"Wallahi gaskiya ne, Malam. Ga hayaƙi nan yana fita ta bayanta."

Dabo ya dubi ƙanensa. Sannan ya miƙa masa hannun hagu.

Wannan karon mutum ɗaya ya isa ya zaunar da shi. Suka bi ta tsakiyar gari, mutane suna fitowa daga zauruka suna kallo, wasu ba su ma san mota ta zo ba sai da ta gifta su. Kassimu yana satar kallon wansa. Hannun bai tafi kai ba. Idanunsa suna kan gonaki, gero ya yi kai, dawa ta rufe mutum.

Daidai gonar gyaɗarsu, Kassimu ya ji wani abu ta kunnensa na dama, wanda ya fi ɗan sauran ji. Murya ce, a cikin mota tana tafiya. Ya rage gudu.

"Na'am, Yaya?"

Dabo ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya ɗaga yatsa ya nuna kunyoyin.

"Ci... ciyawa."

Kassimu ya dubi gonar. Gaskiya ne, kwana goma sha ɗaya babu wanda ya taka ta. Dariya ta ƙwace masa, hawaye suka biyo ta.

"Na ji, Yaya. Yau da yamma zan shiga."

Daga ranar ba su yi fashi ba. Kullum bayan an karya sai Bici, kafin azahar sun dawo, da yamma Kassimu yana gona. A mako na uku yatsun suka fara buɗewa. A na shida Dabo ya tsaya da sanda. Kalmomi suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancinsu a mota suka dawo, don a nan ne yake samun mai saurarensa ba tare da gaggawa ba. Wani lokaci kuma barci yake yi tun daga bakin gari har ƙofar asibiti. Mutanen ƙauye suka fara zuwa roƙo: mai naƙuda, tsohon da ba ya jure babur. In an dawo daga Bici, Kassimu ba ya hanawa.

Ranar da wata uku suka cika, an riga an cire gyaɗa, mai gashin ya sa Dabo ya damƙe masa hannu. Ya damƙe har sai da mutumin ya ce wash. Aka sallame su.

A hanyar dawowa, inda kwalta ta miƙe sambal babu mota babu dabba, Dabo ya gyara zama. Ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya dafa gaban motar da hannun dama.

"Kassimu."

"Na'am, Yaya."

"An ce ta tsere ce."

"Haka ne."

"To, taka ta mu gani."

Kassimu ya dube shi, ya ga da gaske yake. Ya yi bismilla, ya sauya giya, ya taka. Motar ta ɗan durƙusa, sannan ta miƙe. Bishiyoyin ɗorawa suka riƙa wucewa kamar ana fizge su, iska ta cika musu riguna. Dabo, wanda bai taɓa hawa abin da ya fi akori-kura gudu ba, ya buɗe baki yana dariya da dukan fuskarsa, har ɓarin da ya karkace.

"Ƙara!" yake cewa. "Ƙara!"

Da suka isa ƙofar gida, Kassimu ya zagayo don ya kama shi. Dabo ya ture hannunsa, ya buɗe ƙofar da kansa, ya dogara sanda ya miƙe. Ya shiga zaure yana ƙwala wa Kulu kira, a kawo musu fura, kuma a kira masa Maijidda ya yi mata godiya da bakinsa.