Duniyar da Ta Saɓa wa Tauraronta

Saura awa biyu Tuva Ekdahl ta kafa kundin digirinta da ƙusa a jikin allon katakon da ke zauren sashen nazarin taurari, kamar yadda al'adar jami'arsu take kafin a kare kundi, amma har yanzu Torsten, malamin da ya duba aikin, bai sa hannu a takardar izini ba. An huda kundin, guduma na kan tebur, abokan aiki sun sayo burodin kirfa har tire uku. Kowa kuma ya sani, da zarar ƙusa ta shiga, ba a sake taɓa ko harafi.

Ta tarar da shi a ofis yana ta juya kofi da cokali, shi da ba ya shan sukari. Shekara talatin mutumin nan yana koyar da abu guda: gagga-gaggan duniyoyi a cikin faifan ƙurar da ke kewaye da tauraro suke samuwa, saboda haka duk inda tauraro ya juya, nan suke bi. A kan wannan ya yi suna, a kan wannan furfura ta cika masa kai. Babi na huɗu na kundin Tuva kuwa cewa ya yi ina! Ga wata ƙatuwar duniya can tana zagaya tauraronta baya-baya. Abin da ya fi ciwo, ita ce duniyar da Torsten ya gano da kansa.

"Cire babi na huɗu," in ji shi. "Ukun farko sun isa digiri. A sake bugawa, wata mai zuwa ki kafa abinki lafiya lau."

"Ukun farko kowa zai iya rubuta su, Torsten. Na huɗun ne nawa."

"Ke dai akwai taurin kai. Lissafi kika juya a wani wuri, shi ke nan. Ranar kare kundi za a yi miki kaca-kaca a gaban mahaifiyarki da za ta taso takanas tun daga garin Kiruna."

"Mama ta yi shekara ashirin tana tuƙa mota a ramin ma'adinai. Ba farfesa ne zai razana ta ba."

Torsten ko gezau bai yi ba. Ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba, ta buɗe shafin da zanen awonta yake. Ba don bai sani ba ta yi masa bayani, so take ya ji daga bakinta. Tauraro yana juyawa, gefen da ke tahowa wajenmu haskensa kan karkata zuwa shuɗi, gefen da ke tafiya kan karkata zuwa ja. Duniyar da ke bin juyin tauraronta, idan ta gitta gabansa, shuɗin take fara rufewa. Wannan kuwa jan ta fara rufewa.

"Sau uku ta gitta, sau uku na auna, da na'ura biyu daban," in ji Tuva. "Na gwada lissafin a kan duniyoyi tara da aka san tafiyarsu, duk ya fito daidai. In akwai kuskure, ɗora yatsanka a kai yanzu, ni da kaina zan mayar da gudumar."

Torsten ya daɗe yana kallon zanen. Ta zaci faɗa zai yi, har ta shirya masa. Sai ya miƙe, ya jawo aljihun tebur na ƙasa, ya tono wata tsohuwar takarda da ta fara yin ɗorawa, ya ajiye kusa da tata. Zanen nan ne sak, jan ne a gaba. A kusurwa an rubuta kwanan wata, shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Tuva ta ɗago ta dube shi. "Ashe ka sani."

"Ban yarda na sani ba," in ji shi. "Wani ɗalibina ne ya kawo mini, Jerker Sandell. Dare ɗaya kawai ya auna, ga gajimare. Na ce masa a gaban jama'a bai iya aiki ba. Bai ƙarasa digirin ba. Yanzu yana garin Umeå yana koyar da lissafi a sakandare."

Haushi da tausayi suka turnuƙe ta. Ta tura masa takardar izinin kawai. Ya sa hannu.

"Je ki, ana jiranki. Ina tafe."

A zaure aka yi ta sowa. Wani ya ce ta yi hankali da yatsa, masana taurari ba su san guduma ba. Bugu huɗu ta yi, ƙusa ta shige, kundin ya rataya yana lilo. Da ta waiwaya ba ta ga Torsten ba, sai ta koma ta leƙa. Ƙofarsa a buɗe take, yana tsaye gaban taga da waya a kunne, ɗaya hannun dafe da bango.

"Jerker? Torsten ne. Don Allah kada ka kashe. Kai ne da gaskiya."